An Ceto Duwatsun Abu Simbel, Mutanen Nubiya Fa?

Tun ranar da shugaban Masar Gamal Abdul Nasser ya ƙuduri aniyar gina babbar madatsar ruwa ta Aswan, an san ruwan Nilu zai taru ya haɗiye wani babban yanki na ƙasar Nubiya da ke kudancin Masar da arewacin Sudan, har da wuraren bauta biyu da Fir'auna Ramsis na Biyu ya sa aka sassaƙa cikin dutse a Abu Simbel sama da shekara 3,000 da suka wuce. A 1960 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi yekuwar a ceto su, ƙasashe wajen 50 suka kawo gudunmawa.

Aikin da aka yi daga 1964 zuwa 1968 ya cancanci yabo. An yayyanka ginin gunduwa-gunduwa sama da 1,000, wata ta kai tan 30, kowace da lambarta. Da aka zo kan fuskokin mutum-mutumin, zarton hannu aka ɗauka don kada inji ya farfasa dutsen. Aka haura da su mita 65, aka ja baya mita 200, aka sake harhaɗawa. Har gobe, ranar 22 ga Fabrairu da 22 ga Oktoba, hasken fitowar rana yana ratsawa can ƙuryar ɗaki ya haska gumaka uku, ya bar na huɗu, Ptah, cikin duhu.

Wani zai ce ai gumaka ne, me ya kai a kashe musu miliyoyin daloli? Ni ina ganin barinsu a tsaye ya fi amfani: mai ido ya je ya ga inda mulki da taƙama suke ƙarewa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mutanen wurin. Ruwan da aka tsere wa da duwatsu ya tashi 'yan Nubiya kusan 100,000. Na Masar aka kai su yankin Kom Ombo, nesa da bakin kogi. Na Wadi Halfa a Sudan aka loda su a jirgin ƙasa zuwa Khashm al-Girba. Dabinonsu da kaburburan iyayensu suna ƙarƙashin tafki. Mutanen tsohuwar Bussa, da Kainji ta cinye garinsu a 1968, sun san wannan ciwon.

Kuɗin da masu yawon buɗe ido ke zubawa a Abu Simbel, kamata ya yi jikokin waɗannan mutane su fara cin moriyarsa. Tsarin mulkin Masar na 2014 ma ya yi alkawarin mayar da su yankunansu cikin shekara 10. Wa'adin ya cika a 2024, har yanzu suna jira.