Sitiyarin da na kwance da hannuna a Leicester

Ni dai daga makon jiya na daina zagin bakanikan gida, ko in ce na rage.

Wata tsohuwar Corolla gare ni ƙirar 2004, da ita nake zuwa aiki a nan Leicester. Kwanaki ta fara wata ƙara ƙwas ƙwas duk sanda na murɗa sitiyari, na kai gareji suka ce sandar nan ce ta ƙasa mai gaɓa wadda take haɗa sitiyari da ƙafafun gaba, kuɗin aiki kaɗai da suka yanka min ya kusa cefanen sati biyu. Na ce kai, ni da na tashi ina leƙa gareji a Kano? Na sayi sandar a eBay, na kalli bidiyo uku a YouTube, ranar Asabar na shimfiɗa kwali a bakin titi cikin sanyin nan.

Kwancewa ba ta ba ni wuya ba wallahi. Na cire kan batir, na cire robobin ƙasan sitiyari, noti biyu, sanda ta fito. Abin da ban yi ba shi ne ɗaure sitiyarin da bel ɗin kujera kamar yadda mai bidiyon ya ce, kuma na bar makulli a jiki. Na shiga gida shan shayi, kafin in fito yarona ya haye kujera yana ta wulwula sitiyari yana wasan direba, tunda ba abin da ya riƙe shi juyawa kawai yake kamar fanka. A bayan sitiyarin akwai wata siririyar waya a naɗe, kulok sifirin suke ce mata, ita ke kai wuta ga hon da jakar iskar nan mai fashewa in an yi hatsari, kuma juyi wajen biyar kawai take ɗauka daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ta tsinke. Ban ma sani ba sai da na gama haɗa komai na tayar da mota, hon shiru, jar fitila ta kama a dashbod, ga sitiyari ya karkace kamar hular ɗan birni saboda na goce da haƙori ɗaya cikin haƙoran bakin sandar wajen zura ta.

A nan na tuna ogan garejin layinmu a Kano. Mutumin nan zai watsa notika ashirin a tsohon gwangwanin madara, ya tafi sallar azahar, ya ci abinci, ya dawo ya mayar da kowanne gurbinsa, ba hoto a waya ba littafi. Kafin ya zare sanda sai ya karce ta da ƙusa don ya gane saitinta, da ina ganin tsabar ƙauyanci ne. In abu ya karye kuma ya tura yaro Ƙofar Ruwa, kafin la'asar an kawo ɗan Beljiyam. Ni kwana huɗu na yi ina jiran mai kawo saƙo ina bin bas.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, da a gida ne wayar nan ba za a canja ta ba. Mai wayarin zai ja wa hon wani maɓalli daban a gefe, a cire ƙwan fitilar, a ce Alhaji an gama, Allah ya kiyaye hanya. Hannunsu ya ƙware ne tun zamanin Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna, motar da ba ta san wata jakar iska ba, to wasu har yau haka suke kallon motocin yanzu. Notin da ke damƙe sandar sitiyari kuwa da ƙarfin damtse ake ɗaure shi, alhali akwai sufana mai awo da take yin ƙas in ya kai iyakar da kamfani ya ce. Wannan notin in ya saki kana kan hanyar Zariya ba sauran magana.

Kuma kar in yi ta cika baki, ni ma ba tsoron Allah ne ya sa na gyara ba. A Ingila mota irin tawa in ta wuce shekara 3 sai an yi mata gwajin lafiyar mota da ake kira MOT kowace shekara, kuma wannan fitilar in tana kunne mota ta faɗi, nawa gwajin saura wata guda. Ba don haka ba baƙin salatif zan manna a kanta in ci gaba da harkata. Shi ya sa nake ganin matsalarmu ba rashin iyawa ba ce, ba mai tsare mu ne kawai, mai mota na son araha bakanike na son ya sallame shi.

Sabuwar wayar ta zo, na juya ta a hankali har ta tsaya, na dawo da ita biyu da rabi, na miƙe tayoyi sannan na zura. Hon ya dawo, fitila ta mutu. Sai dai akwai wani ƙaramin sukuru guda da ya rage min a kwano, har yanzu yana aljihun ƙofa, maiɗakina kullum sai ta tambaye ni na ina ne.