Tsakanin "na yafe" da "Allah ya isa"

Shekarun baya na je jana'izar wani ɗan uwanmu a ƙauye, manomi ne, da sassafe ya fita duba gonar cittarsa aka same shi a can aka kashe. An gama wa'azi ana shirin sauke akwati cikin rami sai faston ya juya wajen matar marigayin, tana zaune kan benci 'yan zumuntar mata sun riƙe ta hagu da dama cikin ankonsu, ya miƙa mata makirfo ya ce, "Mama, ki gaya wa jama'ar Allah kin yafe wa waɗanda suka yi wannan abu." Ta kalli makirfon, ta kalli ramin, ta ce, "Baba Fasto, Allah ya isa." Iyakar abin da ya fito bakinta kenan. Da yamma naji wasu dattawan ikilisiya na cewa wai bangaskiyarta ta yi rauni, ni kuwa har yau ban ga laifin baiwar Allahn nan ba.

Ba a daɗe ba kuma wani abokina ya ja ni addu'ar dare a wani coci a birni. Wajen ƙarfe biyu aka shiga abin da suke kira yaƙin ruhaniya, mutane na tsalle suna dukan iska, duk maƙiyina ya faɗi ya mutu, wuta ta cinye shi, kada ya ga ƙarshen shekarar nan. Matar da ke kusa da ni sunan facalarta take kira, da kunnena na ji, tana kira tana kuka gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Irin wannan addu'a ta yi ƙarfi ne da cocin Mountain of Fire da Daniel Olukoya ya kafa a Legas a 1989, yanzu kuwa ta bazu har cikin ƙananan majami'u na arewa. Masu kare ta suna cewa ai miyagun ruhohi ake nufi, ba a nufin ɗan adam. To amma matar nan facalarta take nufi, mutum mai rai da 'ya'ya.

Ni a ganina duka biyun an kauce hanya, faston da ya matsa wa gwauruwa a bakin kabari da mai wa'azin da ya koya wa mutane roƙon mutuwar 'yan uwansu.

Abin da Yesu ya koyar a kan wannan ba ɓoyayye bane. A Matiyu sura 5 ya ce mu ƙaunaci maƙiyanmu mu yi wa masu tsananta mana addu'a. Bitrus ya tambaye shi sau nawa zai yafe wa ɗan uwansa, ko sau bakwai ya isa, ya ce masa bakwai sau saba'in. Yana rataye kan gicciye ya roƙi Uba ya yafe wa masu kashe shi, Istifanas ma ana jifansa da duwatsu ya roƙi kada a ɗora musu wannan zunubin. Amma wurin da ya fi dacewa da masu kiran wuta yana Luka sura 9, inda wani ƙauyen Samariyawa suka ƙi karɓar Yesu, Yakubu da Yahaya suka ce Ubangiji ko mu kira wuta daga sama ta cinye su. Ya juya ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauyen. Wato an taɓa kawo masa wannan roƙon ido da ido, daga bakin almajiransa na kusa, ya ƙi.

Sai dai duk wanda ya ce babu fushi cikin Littafi Mai Tsarki bai karanta Zabura ba. Zabura 109 tana roƙon 'ya'yan maƙiyi su zama marayu matarsa ta zama gwauruwa. Zabura 137, waƙar waɗanda aka kwashe bauta zuwa Babila, ta ƙare da maganar fyaɗa jariran maƙiya a kan dutse, ayar da ba kasafai ake karantawa ranar Lahadi ba. A Wahayi sura 6 rayukan waɗanda aka kashe saboda bangaskiya suna kuka har yaushe ya Ubangiji ba za ka rama mana jininmu ba. Allah bai sa an goge waɗannan ayoyin ba, kuma ni abin da na fahimta shi ne an ba mai ciwo damar ya kai kukansa gaban Allah yadda yake, da ɗacinsa da komai, ya ajiye a can. Mai zaburar ya faɗa wa Allah ne, bai ɗauki takobi ba. Bulus ma a Romawa 12 cewa ya yi kada ku rama, ku bar wa Allah, ramako nasa ne.

To wannan ai shi ne "Allah ya isa" na Bahaushe in an faɗe shi da gaskiyarsa: na miƙa ƙarata, na janye hannuna. Ya sha bamban da "Allah ya tsine maka" ko "Allah ya kashe ka", inda kai ne ka yanke hukunci ka zaɓi horon sannan kake aiken Allah ya je ya zartar. Gwauruwar nan tamu na farkon ta yi. Na san wasu na faɗinsa da nufin tsinuwa, amma a ranar da aka binne mijinki, ki iya cewa na bar wa Allah alhali samarin ƙauye na can bayan coci suna wasa adduna, wannan babban abu ne.

Yafiya kuma ba a rana ɗaya take zuwa ba, duk wanda ya san labarin Fasto James Wuye na Kaduna ya san haka. A rikicin 1992 da ya taso daga Zangon Kataf aka sare masa hannun dama, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu, kowannensu na jagorantar samarin ɓangarensa. Sun haɗu a 1995 suka fara aikin sulhu tare, amma Wuye da bakinsa ya sha faɗa cewa shekara uku suna yawo tare suna kwana ɗaki ɗaya, shi kuwa zuciyarsa na raya masa ya danne Ashafa da filo cikin dare. Fasto ne fa, ya san ayoyin nan duka, ya hau mumbari ya karanta su. Sai da wani malamin coci ya gaya masa ba zai iya wa'azin Almasihu da ƙiyayya a zuciya ba, sannan abin ya fara sakinsa. Mutanen nan biyu su ne daga baya suka shiga tsakani a Yelwan Shendam bayan kashe-kashen 2004. In mai hannu ɗaya ya ɗauki shekaru, don me za a ba gwauruwa minti biyu da makirfo?

Wani abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake haɗa yafiya da watsar da shari'a. Fafaroma John Paul na biyu an harbe shi a Mayun 1981, ya je har kurkuku a Disambar 1983 ya zauna da Mehmet Ali Agca wanda ya harbe shi, ya yafe masa, amma mutumin bai bar kurkukun Italiya ba sai 2000. A Charleston ta Amurka wani saurayi farar fata, Dylann Roof, ya shiga cocin baƙaƙe a Yunin 2015, ya zauna da su ana nazarin Littafi Mai Tsarki sannan ya harbe mutum 9. Kwana biyu bayan haka wasu daga iyalan suka ce masa sun yafe a gaban alƙali, wasu kuma ba su ce ba, kotu dai ta ci gaba da aikinta ta yanke masa hukuncin kisa a 2017. Bulus ɗin da ya ce kada ku rama, a sura ta gaba, Romawa 13, shi ya ce hukuma ba a banza take riƙe da takobi ba. An hana ni ramawa ne saboda akwai wanda aka ɗora wa hukunci.

Mu kuwa a nan takobin hukumar ne ya yi tsatsa. A kashe mutane a Bokkos a daren Kirsimetin 2023, a kashe masu sujada a Owo, a sace 'yan matan Chibok 276 waɗanda yawancinsu 'ya'yan EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) ne, cocin da tun asali koyarwarta ba a rama mugunta, sannan babban mutum ya zo ta'aziyya da jerin motoci ya ce a yi haƙuri a yafe. Mutumin da bai taɓa ganin an hukunta wanda ya kashe ubansa ba, shi ne zai je addu'ar dare ya kira wuta, ko ya yi abin da ya fi haka muni. Ramuwar kuma ba ta samun mai laifi. Matafiya Musulmi sama da 20 da aka tare aka kashe a hanyar Rukuba a Jos a Agustan 2021, daga Bauchi suke za su koma gida kudu, me suka yi wa wani? Shi yasa nake ganin faston da ke wa'azin yafiya dole ya zama na gaba wajen zuwa ofishin 'yan sanda ya tambayi ina aka kwana a bincike, ya koma, ya sake komawa, ko ana korarsa.

Bara da na je gida na leƙa na gaishe da matar nan, tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, babban ɗanta ne ke noma gonar yanzu. Har yau ba a kama kowa ba. Ta ce min tana zuwa sujada kullum, in aka zo Addu'ar Ubangiji wajen ka gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, wata Lahadin takan faɗa tare da jama'a, wata Lahadin kuma ta yi shiru har a wuce wurin.