Ranar da Gwaggo ta ƙi cewa tana gani

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in rubuta ta. Na san akwai 'yan'uwa Kirista da ba za ta yi musu daɗi ba, amma ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don wanda ya fi kowa laifi a cikin labarin ni ne.

Gwaggona, yayar mahaifina, idonta na dama ya mutu gaba ɗaya, na hagun kuma saura ɗan abin da ba a rasa ba. Hawan jinin ido ne. Ciwon nan ba ya sallama in zai shigo: yawanci ba zafi, ba ja, ba ƙaiƙayi. Ruwan cikin ido ne ke taruwa yana danne jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa, sai gani ya riƙa zaizayewa daga gefe, tsakiya kuwa tana nan garau har sai abu ya yi nisa. Mun daɗe muna tsokanarta wai tana yawan karo da ƙofa, tana ture kofin da aka ajiye kusa da gwiwar hannunta. Ranar da likita ya duba ta, ya ce abin da ya tafi ya tafi, jijiyar da ta mutu ba ta farfaɗowa, sai dai a tsare abin da ya rage da maganin ɗigawa.

Ni ban yarda ba. Na ce likita ya faɗi tasa, saura ta Allah. Da aka shirya wani babban taron addu'ar warkarwa, na matsa mata lamba sai da muka je. Na riƙe hannunta muka kutsa har gaba. Mai wa'azin ya ɗora mata hannu, ya yi addu'a da ƙarfi, sannan ya kai makirfo bakinta ya ce, "Mama, buɗe idonki, me kike gani?" Ta ƙifta, ta ƙara ƙiftawa, ta ce, "Ɗana, ɗan hasken da na zo da shi ne dai." Ya ce ta furta da bangaskiya, ta ce ina gani. Jama'a suka ɗauka gaba ɗaya, ina gani, ina gani. Ni ma ina ciki, har ina matse mata hannu. Ta yi shiru, sannan ta ce a hankali, makirfon kuwa ya kama, "In na ce ina gani, na yi ƙarya a gaban Allah." Masu kiɗa suka ƙara sauti, wani ya janye mu gefe, na ji mai wa'azin yana cewa akwai waɗanda rashin bangaskiyarsu ke ɗaure hannun Ubangiji.

A hanyar komawa na sauke mata fushina. Na ce, "Gwaggo, da kin faɗa kawai, me zai ragu a jikinki?" Ta ce, "Wa zan ruɗa, ɗana? Shi da ya yi idon?" Ban ba ta amsa ba. Na yi makonni ina ɗauka cewa ita ta hana kanta.

Abin da ya kwance ni shi ne sura 9 ta Bisharar Yohanna, wadda nake zaton na haddace tun ina yaro. Ayoyi 41 ne, amma warkarwar kanta ayoyi biyu kacal ta ci, ta 6 da ta 7. Sauran duk gardama ce tsakanin masu ido. Da farko almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, kuma tambayar da ta zo bakinsu ba ta yadda za a taimake shi ba ce. Cewa suka yi, wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa? Mutum yana zaune a gabansu, kunnensa lafiya lau, suna tattauna laifinsa kamar ba ya wurin. Yesu ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. Da na kai nan sai na ajiye Littafin, don tambayar almajiran ce na yi wa Gwaggo, riga kawai na canja mata. Su sun ce zunubi, ni na ce rashin bangaskiya. Duk hanya ɗaya ce ta cewa mai ciwo shi ya jawo wa kansa, mu kuma da muke lafiya mun cancanci lafiyarmu.

Sai ku lura da wani abu: mutumin nan bai roƙi a warkar da shi ba. Ba a tambaye shi ko ya gaskata ba. Yesu ya tofa yau a ƙasa, ya kwaɓa, ya shafa masa a ido, ya ce ya je ya wanke a tafkin Siluwam. Tafkin nan ba tatsuniya ba ne. Ruwansa daga maɓuɓɓugar Gihon yake zuwa ta ramin da aka sassaƙa a cikin dutse zamanin sarki Hezekiya, tsawonsa ya haura mita 500, kuma a 2004 masu gyaran bututun ƙazanta a Urushalima suka ci karo da matakalansa. Yana can ƙasan birnin, gangare ake bi. Ku ɗan ƙiyasta makaho da laka a fuska yana lalube yana sauka, mutane suna kallo. Wannan ita ce bangaskiyar da yake da ita a lokacin: an ce je ka, ya tafi. Ko wane ne ya aike shi bai gama sani ba. Da maƙwabta suka tambaye shi, ya ce wani mutum da ake kira Yesu. Da Farisiyawa, wato malaman addinin Yahudawa, suka matsa, ya ce annabi ne. Da suka ƙara matsawa, ya ce in ba daga Allah yake ba, da bai iya yin kome ba. Sai a aya ta 38, bayan an kore shi daga majami'a, Yesu ya neme shi ya same shi, sannan ya ce, "Na gaskata, Ubangiji." Ido ya buɗe a aya ta 7, furcin bangaskiya ya zo a ta 38. Mu kuwa mun juya lissafin, muna cewa sai ka biya da bangaskiya sannan a ba ka kaya.

Na san za a kawo mini Bartimawas na Yariko, wanda Yesu ya ce wa bangaskiyarka ta warkar da kai. Gaskiya ne, yana nan a Markus 10:52, ban kuwa share shi ba. Amma menene bangaskiyar tasa? Ana kwaɓarsa ya yi shiru yana ƙara ɗaga murya, da aka kira shi ya yar da mayafinsa ya zabura. Da Yesu ya ce me kake so in yi maka, bai ce ai na riga na gani ba. Cewa ya yi yana so ya gani, wato ya amsa da bakinsa cewa shi makaho ne. Ban taɓa samun wurin da Yesu ya sa makaho ya ce yana gani alhali ba ya gani ba. Akasin haka ma na samu. A Betsaida, Markus sura 8, ya ɗora wa wani hannu ya tambaye shi ko yana ganin wani abu. Mutumin ya ce yana ganin mutane, amma kamar itatuwa suna tafiya. Rabin warkarwa ke nan, ya kuma faɗi hakan a gaban wanda ya warkar da shi. Yesu bai tsawata masa ba, bai ce ya furta ba. Sake ɗora masa hannu ya yi. Da mutumin nan ya yi kara ya ce alhamdu lillahi na gani sarai, da wataƙila ya koma gida yana gaida itace.

(Wannan maganar itatuwan tana ba ni mamaki har yanzu. A 1728 wani likitan Ingila, William Cheselden, ya ba da labarin yaro ɗan kimanin shekara 13 da ya cire wa yanar ido. Yaron ya samu gani amma ya kasa bambance kyanwa da kare sai ya kama ya shafa. Ashe buɗewar ido daban, iya gani daban, na biyun koyonsa ake yi.)

Yanzu ga wurin da ya fi yi mini zafi. Waɗanda suka kasa gani a Yohanna 9 ba jahilai ba ne, ba kuma arna ba. Malamai ne, masu azumi, masu kiyaye doka. Matsalarsu ita ce ranar Asabar ce, kwaɓi kuwa yana cikin ayyuka 39 da malaman Yahudawa suka lissafa ba a yi a ranar. Hisabinsu ya riga ya ƙare: wanda ya kwaɓa ƙasa ran Asabar mai zunubi ne, mai zunubi ba ya yin aikin Allah, saboda haka abin da ke tsaye a gabansu da ido biyu tilas akwai lauje cikin naɗi. Suka kira iyayensa, iyayen suka ji tsoro suka ce ku tambaye shi, ai ba yaro ba ne. Suka sake kiransa. Duba sau nawa "mun sani" ke fita daga bakinsu: mun san mutumin nan mai zunubi ne, mun san Allah ya yi magana da Musa. Shi kuma ya ce ko mai zunubi ne ban sani ba, abu ɗaya na sani, dā ni makaho ne, yanzu ina gani. A ƙarshe Yesu ya gaya musu cewa da makafi ne su da ba su da zunubi, amma tun da sun ce suna gani, zunubinsu yana nan daram.

Likitoci suna da wani ciwo da suka sa wa sunan Gabriel Anton, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ostiriya da ya yi bayaninsa a 1899. Sashen gani da ke bayan ƙwaƙwalwa ne ke lalacewa, galibi bayan shanyewar jiki, mutum ya makance amma ya rantse yana gani. Ka ɗaga masa yatsu, zai faɗi adadi ba tare da shakka ba. Ya yi karo da kujera, ya ce ɗakin ne da duhu. Ba ƙarya yake yi da gangan ba, ƙwaƙwalwarsa ce ke cike gurbin da hotunan da ta ƙirƙira. Irin wannan ba ya karɓar sanda, ba ya yarda a ja shi, don me zai yi da su? Haka ikilisiyar Lawudikiya take a Ru'ya ta Yohanna 3:17: tana cewa ta wadata ba ta bukatar kome, ba ta san matalauciya ce, makauniya, tsirara ba. Ikilisiya ce fa, ba gidan giya ba. A daren taron nan, mutum ɗaya tak na tabbata ya faɗi gaskiyar halin da yake ciki, ita kuma muka kira marar bangaskiya.

Kada wani ya ɗauka na daina gaskata cewa Allah yana warkarwa. Ina gaskatawa, ina kuma yi wa Gwaggo addu'ar ido har gobe. Abin da na daina shi ne yi wa Allah lissafi kamar injin da in ka saka daidai dole ya fitar. Manzo Bulus, wanda shi kansa ya yi kwana uku ba ya gani a Dimashƙu har Hananiya ya ɗora masa hannu, ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherina ya ishe ka. Shi ne kuma ya rubuta wa Timoti cewa ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Wa zai tashi ya ce Bulus bangaskiya ce ta gaza masa? Fanny Crosby ta makance tun tana jaririya, ta rayu daga 1820 zuwa 1915, ta rubuta waƙoƙin sujada fiye da 8,000, ta mutu ba ta gani. Muna rera waƙoƙinta da ƙarfi a coci, sannan mu juya mu ce wa makahon da ke benci ɗaya da mu akwai abin da yake ɓoyewa.

Illar wannan koyarwar kuma ba ta tsaya a ɓacin rai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani, kuma aƙalla biliyan 1 a cikinsu abin nasu da an iya hana shi, ko kuwa har yanzu ba a kula da shi ba. Yanar ido aikin tiyata na ɗan lokaci ne. Hawan jinin ido in an kama shi da wuri ana riƙe shi shekaru. Duk wanda ya ce wa mai wannan ciwo ya ajiye maganin ɗigawa don ya nuna bangaskiya, ya sani abin da za a rasa a watannin nan ba ya dawowa. Na faɗi wannan da kunya, domin ni na ba Gwaggo wannan shawarar mako biyu kafin taron. Allah ya sa ba ta ji maganata ba, a ɓoye ta riƙa ɗigawa.

Na je na ba ta haƙuri. Tun ban kai ƙofa ba ta kira sunana, wai ni kaɗai ne ke jan ƙafar hagu. Na karanta mata surar duka. Da na kai inda Yesu ya ji an kori mutumin ya tafi nemansa, ta ce in maimaita, na maimaita. Ba ta ce kome a kan haƙurin da na bayar ba. Abin da ta ce shi ne likita ya gaya mata ciwon yana bin jini, ta tambaye ni ko na taɓa zuwa an gwada ni. Na ce Gwaggo, ni ai idona ƙalau, ko tabarau ba na sawa. Ta yi dariya ta ce ita ma haka ta ce shekara goma.

Na je makon jiya. Suka sa na kafa haɓa a kan wata na'ura mai kama da ƙwarya, aka rufe mini ido ɗaya, aka ba ni maɓalli in danna duk lokacin da na ga ɗigon haske ya ƙyasta. Na danna, na danna, na tashi da tabbacin ban bar ko ɗaya ba. Likitar ta juyo da takardar ta sa biro a kan wani baƙin tabo a sama, gefen idona na hagu, ta ce a nan an kunna hasken sau da yawa ban danna ba.