Lamba ɗaya, mutum biyu

Akwai wani a garin nan na Yamai da yake bin rumfuna daga Babbar Kasuwa har Katako yana tallar manhajar lissafin shago, yana bugun ƙirji wai shi da AI sun gama ta cikin dare uku. Ba mu kama suna ba, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Malam, ka ce wa na'ura ta rubuta maka yadda za a ba kowane rasit lamba, ta ba ka abin da ya fi sauƙi: duba lamba mafi girma, ƙara ɗaya. Ka karɓa ko karantawa ba ka yi ba. A kwamfutarka kai kaɗai lafiya lau. Ranar da yara biyu suka danna ajiya lokaci guda, ɗaya a shago ɗaya a sito, kowa zai ga 540, kowa ya rubuta 541. Bashin jaka ɗari na wani ya hau kan wani. Dukiyar bayin Allah ce, shi ya sa abin yake ci mana rai.

Rumbun bayanai, wato inda manhaja take ajiye komai, shi ya kamata ya raba lamba, da jerinsa na kansa, sannan a ɗaura wa ginshiƙin lambar sharaɗin UNIQUE, mai hana lamba ɗaya shiga sau biyu, domin ko kuskure ya zo a ƙi shi tun a bakin ƙofa. In kuwa reshen Tawa zai yi aiki ba rezo sai dare ya haɗu da na Yamai, jeri ɗaya bai isa ba, sai UUID, doguwar lambar shaida da kowace na'ura ke iya fitarwa da kanta ba tare da ta yi karo da ta wata ba: bit 128, harafi 36 in an rubuta. Nau'i na 4 na UUID lambobi ne barkatai, yana warwatsa fihirisar da rumbu ke nema da ita idan layukan bayanai suka yi yawa. Nau'i na 7, wanda takardar ƙa'ida ta RFC 9562 ta tabbatar a 2024, yana farawa da lokaci, sabbin layuka suna bin juna. Kuma daga shiryayyen kayan aikin manhaja (library) da aka gwada ake kiran sa. Kada ka bar AI ta ƙaga maka shi da ka, ko ta haɗa shi da Math.random, umarnin nan mai jefo lamba barkatai, sau da yawa misalin da ta saba gani take maimaitawa.

Sai batun mai da lambar waya shaidar abokin ciniki. Layi yana ɓata, kamfani yana sake sayar da shi, mutum ɗaya yana riƙe Airtel da Moov. Lambar waya bayani ce da ake gyarawa, ita kuwa shaida ba ta canzawa har abada.

Lambar rasit da ɗan kasuwa zai nuna wa ma'aikatan haraji daban take da lambar shaidar cikin rumbu, domin jerin rumbun bayanai irin PostgreSQL yana tsallake lamba duk lokacin da aka fasa ciniki. Kuma lamba mai tsawo in za ta bi ta JavaScript, yaren rubuta manhaja, a tura ta a matsayin rubutu, don da ta wuce 9007199254740991 sai ƙarshenta ya canza shiru. Excel ma haka, bayan lamba 15 sifili yake zubawa, sifilin farkon lamba kuma ya cinye shi.

Kafin ka koma wurin wani Alhajin, ka buɗe manhajar a waya biyu, ka danna ajiya tare, ka katse rezo a tsakiya, ka sake dannawa, sannan ka ƙirga rasit nawa suka fito.