Ranar da aka yi ta kiran sunana a Fas

Tun kafin mu bar Kano Hajiya ta gaya min ita fa ba yawon buɗe ido zai kai ta Maroko ba, ziyarar Shehu Tijjani za ta je a Fas, in ta samu wannan sauran duk naku ne. Mu shida ne, ni da Hajiya da uwargida da yara uku, ni kuma tunda ni na biya kuɗin jirgi sai na naɗa kaina madugu ba tare da kowa ya zaɓe ni ba.

A Kasablanka aka fara kwance min zani. Ƙananan tasi ɗinsu jajaye mutum uku kacal suke ɗauka, ko da jariri ne na huɗun ba ruwansu, mu da muka saba a cusa mu shida a Keke har da buhun albasa. Dole muka rabu mota biyu za mu masallacin Hassan na biyu, wannan da ke bakin teku mai hasumiya mita 210. Na gyara murya na sako wa direba Larabcin Islamiyya har da wasali da tanwini, ya kalle ni ta madubi ya zubo min wani abu rabi Larabci rabi Faransanci, wallahi insha Allahu kawai na tsinta a ciki. Uwargida ita ba ta wahalar da kanta ba, hoto ta nuna wa nasu direban a waya, sun riga mu zuwa da kusan minti ashirin har sun sayi gyaɗa suna ci.

Washegari muka hau jirgin ƙasa, muka yada zango a Maknas aka ɗauki hoto a gaban Bab Mansur, yara suka ce ƙofa ce dai kawai, aka wuce.

To Fas ɗin. Muna isa Bab Bujlud, ƙofar nan mai shuɗin ado daga waje kore daga ciki, wani yaro ya taso ya ce zai yi mana jagora a ba shi 'yan dirhami. Uwargida ta ce Baban Abba mu ɗauke shi mana. Na ce haba, ni da na tashi a lungunan cikin birni, na san Kurmi kamar tafin hannuna, wane lungu ne za a nuna min a duniya? Ga kuma Google Maps a hannu.

Jama'a lungu lungu ne amma wani lungun yayan wani ne. Mota ba ta shiga tsohon garin nan sam, wani wurin in ka miƙa hannu biyu sai ka taɓa bango da bango, ɗigon nan shuɗi na waya kuwa sai ya yi tsalle ya ajiye mu a tsakar gidan mutane. Akwai wani mahauci da ya rataye kan raƙumi a ƙofar shagonsa, sau uku muna wuce shi, a na ukun autarmu ta ɗaga masa hannu ta ce Baba ga raƙuminmu.

Ana cikin haka sai na ji daga baya ana ƙwalla kira, Bala! Bala! Ni kuwa sunana Bala. Raina ya yi fari, na ce ka ji ikon Allah, Bakano ko a ina sai ya gamu da nasa. Na tsaya cak a tsakiyar hanya na juyo ina murmushi har na fara ɗaga hannu, kafin in ce na'am wani alfadari da aka labta wa tukwanen gas ya share ni da gefen kayansa ya manna ni da bango, hula ta yi nata wuri. Mai alfadarin ko waiwaye bai yi ba, yana gaba yana ci gaba da kiran sunana. Ashe balak yake cewa, wato a kauce. Uwargida ta duƙa wai tana ɗauko min hula, amma kafaɗunta rawa suke yi.

Daga nan wani mai fara'a ya ja mu saman bene mu ga majemar Shuwara, aka raba mana ganyen na'a-na'a mu toshe hanci don wari. Hajiya ta mayar musu da nata, ta ce ita da ta yi wayo tana wuce majema kullum, kuma ai fatar da Turawa ke kira ta Maroko da yawanta ta jajayen awakinmu ce, raƙuma suka riƙa ƙetaro hamada da ita daga Kano. Duk da wannan huɗuba sai da na sauko da takalmi ruwan ɗorawa wanda har yau ban sa ba, saboda ya matse ni tun a shagon, kunya ce ta hana ni faɗa.

La'asar ta kawo jiki, mun wuce ƙofar Ƙarawiyyin sau biyu, masallacin da wata baiwar Allah Fatima al-Fihri ta gina tun shekarar 859, ina ta yi wa yara bayani da ƙarfi don kar a lura mun ɓata. Hajiya ta gaji ta ce kai Bala, Shehu dai tun 1815 yana nan inda yake, mu ne muke ta bulayi. Ta tare wata dattijuwa ta ce mata Sidi Ahmad Tijjani, iya Larabcin da ta yi ke nan. Matar ta kama hannunta, ko minti biyar ba mu yi ba sai ga mu a zawiya, ga 'yan Senigal, ga wasu can gefe suna hira da Hausa.

Da muka fito bayan magariba wa zan gani a jingine da bango? Yaron nan na safe. Ninki biyu na biya shi ya fitar da mu, yana gaba muna binsa, Abba kuma yana bayana duk wanda ya taho sai ya ce Baba ana kiranka.