Wai Wannan Ita Ce Fadar Rumfa?

Naira ɗari biyar na ba yaron da ke tura finafinai a waya a bakin layinmu, na ƙara ɗari biyu kuɗin caji don kwana uku ke nan rabonmu da wuta, duk saboda an cika mini kunne cewa an yi fim a kan zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa. Bayan sallar isha'i na tara yara, na jingina wayar a jikin filas, na ce yau za ku ga yadda aka yi mulki a garin nan. Wallahi da na san abin da ke ciki, da awara na saya musu da kuɗin.

Tun fitowar farko na soma tsaki. Sarki zaune a kujerar falo irin ta jeren amarya, dogari da shatin agogo a hannu, gimbiya ta sha leshi da gashin ido na kanti. Na ce a yi musu uzuri, harkar kuɗi ce. Bayan fada kuma dogonyaro ne reras, bishiyar da sai zamanin Turawa ta shigo ƙasar nan. Wannan ma na haɗiye.

Wanda ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne da kuyanga ta durƙusa gaban matar sarki ta ce, "Ranki ya daɗe, Fulani." Fulani? A gidan Rumfa? Mutumin nan ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Sarautar Kano ba ta koma hannun Fulani ba sai bayan jihadin da aka soma a 1804, da aka kori Sarki Alwali. Shekara ɗari uku da ɗoriya ke tsakani, amma marubuci ya tsallake su kamar kwatar ƙofar gida, don kawai ya ji ana faɗin kalmar a gidajen sarauta na yau. Can kuma sai ga talakawa na zube buhunan wuri wai haraji, alhali tarihin Kano ya ce sai zamanin Sarki Sharefa, wanda ya hau a 1703, wuri ya iso.

Sarkin nasu ma abin tausayi ne. Sai ihu, sai nuna mutane da yatsa, sai cacar baki kamar mai rigimar canji a tasha. Duk wanda ya taɓa leƙa fada ko sau ɗaya ya san sarki ba ya ɗaga murya. Bakinsa na cikin amawali, ka faɗi ka yi gaisuwa, dogarai ne za su amsa maka da "Sarki ya gaishe ka." A fim ɗin kowa ya naɗa rawani mai kunne biyu, har da mai riƙe linzamin doki, kamar a kasuwa aka raba musu shi. Matar sarki kuwa ta faɗo tsakiyar zaman fada tana riƙe da ƙugu tana yi wa miji tsiwa a gaban hakimai. To ina amfanin jakadiya? Kuma a gidan wa? Gidan sarkin da tarihi ya ce shi ya fara kulle!

Abin da ya fi ƙona mini rai, zamanin Rumfa ba ya buƙatar ƙarin gishiri. Shi ya gina gidan sarautar da ake zaune a ciki har yau. Shi ya kafa kasuwar Kurmi. A lokacinsa aka fara busa kakaki, aka kafa majalisar Tara ta Kano, aka shekara goma sha ɗaya ana gwabzawa da Katsina ba wanda ya kai wani ƙasa. Shehu Magili ya sauka Kano ya rubuta masa nasiha a kan yadda ake riƙon jama'a. Ka kwatanta malami baƙo zaune gaban sarki mai ƙarfi yana faɗa masa abin da ba kowa ke iya faɗa ba, wannan zama kaɗai ya isa fim guda. Ga matarsa Auwa, wadda ta riƙe ƙarfin fada a zamanin ɗanta Abdullahi har zuwa na jikanta Kisoki. Duk an bar wannan, aka ba mu kishiya ta je wajen boka, an zuba guba a fura, yarima ya ga 'yar talla ya susuce, sai waƙa da rawa minti bakwai a bakin rafi.

Na san amsar da za a ba ni: ai fim ne, ba littafin makaranta ba. Na yarda. To ku ƙirƙiri masarautarku, ku raɗa mata sunan da kuka ga dama, ku ɗora sarkinku a kan babur ma in kuna so, ba mai ce muku uffan. Kakanninmu in sun gama tatsuniya cewa suke "ba don gizo ba da na yi ƙarya," kowa ya tashi ya san inda aka dosa. Ku kuwa kun ɗauko sunan mutum na gaske, kun rubuta "labarin da ya faru" a farkon fim da manyan baƙaƙe. Gidan Makama, inda ake adana kayan tarihi, yana nan a cikin birni, kuɗin adaidaita ne kawai zai kai ku. Tsofaffin bayin sarki suna nan da ransu, yini guda a gabansu zai gyara muku rabin ɓarnar nan. Kuɗin kwalliyar jaruma ɗaya ya fi abin da za ku kashe.

Muna gamawa 'yata ta aji shida ta ce, "Baba, ashe Rumfa Bafulatani ne?" Na kwashe rabin awa ina warware abin da ni da kaina na biya kuɗi aka ƙulla mata a kai.

Da safe na bi ta gaban shagon yaron nan. Yana hango ni ya ɗago kai da fara'arsa ya ce, "Yallaɓai, na biyu ya fito fa, a nan ne Rumfa zai kara da Turawa."