Ranar da Hajiya Ta Yi Wa Cincin Ɗin Gidana Hisabi

Ƙungiyarmu ta taimakon al'umma a unguwar Hotoro da ke Kano aikinta yashe kwalbatoci kafin damina da tara wa marayu kuɗin makaranta, kuma duk Asabar ɗin ƙarshen wata muna gayyato mai sana'a ya yi wa matasa bayani. Wannan karon wata Hajiya ce mai kamfanin cincin da alkaki da dubulan. Ni ne jami'in walwala, wato ruwa da abin taɓawa a wuyana suke. Kuɗin da ma'aji ya miƙo mini ko ruwan leda da kyar za su saya, sai uwargida ta ce ta ɗauke mini nauyi. Ta soya cincin cike da bokiti, muka ƙuƙƙulle a leda da daddare tun da zafinsa, don mu samu mu kwanta.

Hajiya da sikeli ta fara. Ta ce gwangwani maƙaryaci ne, don fulawar da aka danna da wadda aka tankaɗe ba nauyinsu ɗaya ba. Nata ma'aunin: fulawa kilo 1, sukari giram 200, bota giram 100, ƙwai 2, bekin fauda ƙaramin cokali 1, madara, gyaɗar ƙamshi da ɗan gishiri. A kwaɓa da tauri, a rufe minti 15 ya saki jiki, a murza kaurin rabin santimita, a yayyanka girma ɗaya don su soyu tare. Ina ta gyaɗa kai har da rubutawa.

Can sai ta ce bari ta nuna misali, ta miƙa hannu ta ɗauki ledar da na ajiye mata a teburi da hannuna.

Ta ɗaga ta sama. "Kun ga raɓar nan a jikin leda? Da zafi aka ƙulla. Tiririn ya rasa hanyar fita ya koma ruwa, shi ya sa ya yi laushi. A damina kwana kaɗan ya yi fumfuna. Cincin sai ya sha iska a faranti ya huce sarai, sannan a liƙe da injin liƙe leda." Ta matse guda a takarda, takardar ta jiƙe sharkaf. "Wannan kuma mai bai yi zafi ba aka zuba, ko an cika kasko har zafin ya faɗi. Ana son digiri 170 zuwa 180. In babu ma'aunin zafi, a jefa guda ɗaya: ya nutse ya taso nan take yana tsuwa, to mai ya yi." Ta fasa wani baƙi, cikinsa fari fat. Ta ce a nan mai suyar ta gaji da jira ta ƙure wuta, ga sukari ya yi yawa, bayan ya ƙone ciki bai nuna ba. Har kumfar da ta yi mana ambaliya a kan risho sai da ta gano, wai bota da ƙwai sun wuce kima, kuma ba a kakkaɓe garin da aka barbaɗa wajen murzawa ba. Wallahi kamar tana tsakar gidanmu jiya.

Da ta tauna sai ta yi gyaran murya. Maƙaƙin da ke kama maƙogwaro, in ji ta, tsohon mai ne. "Kuma an soya kifi da shi." Ɗakin taro ya kwashe da dariya. Ni kuwa na san kifin, ni na ci kansa ranar Laraba.

Shugaba ya juyo. "Malam, ina ka samo mana wannan?"

"Ranka ya daɗe, wata baiwar Allah ce."

"A daina saya a wurinta," in ji Hajiya.

Na ce in sha Allahu za a duba, amma yarjejeniyarmu da ita ta daɗe, har da shaidu.

Sauran bayanin na kuɗi ne. A sari fulawa buhu mai kilo 50 da sukari da mai a kasuwar Singa maimakon awo a shagon unguwa. A sa gas da leda da kuɗin ɗan sahu da burbushin da ke karyewa cikin lissafi, don a nan ribar mata da yawa ke zurarewa. Mai son manyan kantuna su karɓi kayansa ya yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ya nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ya buga ranar yi da ranar lalacewa a jikin leda.

Na dawo gida bayan la'asar da rabin bokiti, na ɓoye a bayan mota. Uwargida ta tare ni tun daga zaure. "Yaya, sun ci?"

Na ce, "Ai Hajiya da kanta ta ɗaga shi sama, kusan rabin jawabinta a kansa ta yi."

Ta yi guɗa. Yanzu haka ta aiki yaro ya ƙaro fulawa kilo 5 saboda taron wata mai zuwa, kuma ta ce wannan karon da ita za a je, don ta yi wa Hajiya godiya baki da baki.